Maganin neman haihuwa a Ingila: yadda ma'aurata ke neman sauƙin kuɗin ordonansi

Kowa ya taɓa fitowa daga wurin likita da ordonansi a hannu ya san tunanin da ke biyo baya: nawa za a ce a farmasi? Wannan tunani bai tsaya ga talakan ƙasarmu kaɗai ba. Har a Ingila, inda gwamnati ta ɗauki nauyin lafiyar jama'a tun shekarar 1948, akwai mutanen da ke yawo da takardar magani daga wannan farmasi zuwa wancan suna tambayar farashi, kamar mai cinikin gero ran kasuwa. Mutanen nan su ne ma'auratan da ke neman haihuwa. Mun ga ya dace mu kawo ma masu karatu labarinsu, domin dabarun da wahala ta koya musu suna da amfani ga duk mai sayen magani da kuɗin guminsa.

Rashin haihuwa ba ƙaramar matsala ba ce a duniya. Cikin watan Afrilu na 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta bayyana cewa kusan mutum 1 cikin 6 na manyan mutane yana gamuwa da ita a wani lokaci na rayuwarsa, kuma ba wani bambanci mai yawa tsakanin ƙasashe masu arziki da matalauta. Bambancin yana wajen wanda ke biyan kuɗin magani.

Takarda iri biyu

A Ingila takardar magani iri biyu ce. Ta farko ita ce ta hukumar lafiya ta gwamnati, wadda ake kira NHS. Mai riƙe da ita yana biyan kuɗi ƙayyadadde a kan kowane magani, ko mai tsada ne ko mai araha. A 2024 an tsaida kuɗin a kan fam 9.90. Da yake a 2025 fam guda ya yi wajen dala 150 na kuɗinmu ko sama da haka kaɗan, ke nan jika bakwai da rabi, gwamnati ta cika sauran. A sauran yankunan Birtaniya ma, wato Wales da Ireland ta Arewa da Scotland, an soke wannan kuɗi gaba ɗaya tsakanin 2007 da 2011.

Ta biyu ita ce takardar likita mai zaman kansa. Wannan gwamnati ba ta sa ko tamma a cikinta. Mai ita zai biya kuɗin maganin duka, da ribar farmasi, da ladan wanda ya haɗa masa. Kuma ba wata doka da ta tsaida farashi ɗaya. Kowane farmasi shi ke yanka nasa.

To, me ya kai masu neman haihuwa ga takarda ta biyu? Amsar tana da ban mamaki, domin a Ingila ɗin ne aka fara aikin nan na haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji, sannan a maida ɗan tayin cikin mahaifa. Shi ne Faransawa ke ce ma FIV, Ingilishi kuma IVF. Ran 25 ga Yuli 1978, a garin Oldham, aka haifi Louise Brown, jaririya ta farko da aka samu ta wannan hanya, bisa aikin likita Patrick Steptoe da masani Robert Edwards da abokiyar aikinsu Jean Purdy. A 2010 aka ba Edwards lambar yabo ta Nobel.

A 2004 hukumar da ke ba likitocin Ingila shawara, mai suna NICE, ta ce ya kamata NHS ta biya ma mace gwaji har sau uku. A 2013 ta sake nanata haka ga matan da ba su kai shekara 40 ba. Amma shawara ce, ba tilas ba. Kowane yanki yana duba asusunsa ya yanke abin da zai iya. Yankuna da yawa sau ɗaya tak suke biya, kuma da sharuɗɗa: shekarun matar, nauyin jikinta, ko ɗayansu yana shan taba, ko ɗayansu yana da ɗa daga wani aure. Scotland ce ta amince da sau uku tun 2017. Hukumar HFEA, mai sa ido kan asibitocin neman haihuwa tun 1991, ta ƙidaya cewa a 2012 gwamnati ta biya kashi 40 cikin 100 na ayyukan FIV a Birtaniya, amma a 2022 abin ya sauka zuwa kashi 27. Wato cikin kowane aiki huɗu, kusan uku daga aljihun ma'aurata suke fitowa. A maƙwabciyarsu Faransa kuwa asusun lafiya na ƙasa yana biyan FIV har sau huɗu, da maganinsa duka, kafin mace ta cika shekara 43.

Hukumar NHS da kanta ta ce gwaji ɗaya a asibiti mai zaman kansa yana iya cin fam 5,000 ko fiye. A kuɗinmu ya haura miliyan uku da jika 700. Ma'aikacinmu mai albashi mafi ƙanƙanta, wanda aka kai jika 42 a 2024, sai ya tara albashinsa na fiye da shekara bakwai bai ci bai sha ba. Kuma sau da yawa farashin da asibiti ke tallatawa bai haɗa da magani ba. Sai an zauna an gama magana, sannan a miƙo wata takarda daban. Matsalar ta yi yawa har a 2021 hukumar kare masu saye ta Birtaniya ta fidda ƙa'idoji, ta umarci asibitoci su riƙa faɗa ma mutane kuɗin da za su kashe tun kafin a soma aiki.

Abin da ke cikin takardar

Domin a gane dalilin tsadar, sai a san aikin da maganin ke yi. A al'ada mace tana nunar da ƙwai guda a kowane wata. A aikin FIV likita yana son ƙwai da yawa a lokaci ɗaya, don ya zaɓi na ƙwarai. Saboda haka takardar takan ƙunshi magani iri huɗu.

Na farko allura ce ta sinadarin da ke sa ƙwai girma. Mace tana yi ma kanta ita a fatar ciki kullum, kwana 10 zuwa 12. Ita ce ke cinye mafi yawan kuɗin. Sanannun sunayenta su ne Gonal-f da Menopur. Na biyu magani ne mai hana ƙwan fita tun lokaci bai yi ba, kamar Cetrotide. Na uku allura ce guda ɗaya tak, kamar Ovitrelle, wadda ake yi wajen awa 36 kafin a ɗebo ƙwan. In aka kuskure lokacinta, aikin watan duka yana iya lalacewa. Na huɗu shi ne sinadarin da ke gyara mahaifa ta riƙe ɗan tayi, kamar Cyclogest, wanda ake ci gaba da shi makonni bayan dashe.

Allurar farko tana da tarihi mai ban sha'awa. Daga fitsarin matan da suka daina haila aka fara tace ta, a kamfanin Serono na birnin Roma. Da aka buƙaci fitsari mai yawa, sai aka riƙa tara na tsofaffin mata ƴan zuhudu na Italiya. A farkon shekarun 1960 aka haifi jariri na farko da taimakonta. Har yau Menopur daga fitsari ake tace shi. Gonal-f kuwa, wanda Turai ta amince da shi a 1995, ƙwayoyin halitta ne da ake reno a masana'anta suke samar da shi. Ko ta wace hanya, aiki ne mai wuya da tsada, ba kamar buga ƙwayar ciwon kai ba. Ga shi kuma da yawa cikin alluran nan sai an ajiye su cikin sanyi, tsakanin digiri 2 da 8, tun daga masana'anta har firigon gida.

Takarda ɗaya, farashi barkatai

Mu ɗauki misalin mata da miji da suka fito daga ɗakin likita. Sun shekara biyar suna jira, sun sayar da mota, sun ranci kuɗi wurin dangi. Ma'aikaciyar asibiti ta ce musu ga magani nan a wurinmu, ku biya ku ɗauka. A irin wannan hali wa ke da zuciyar yin ciniki? Mutum yana jin kunya, yana kuma tsoron kada a ce yana ƙyashin kashe kuɗi a kan ɗan da yake nema. Da yawa sukan biya nan take.

Alhali kuwa takardar tasu ce. Suna da ikon su karɓe ta su kai duk farmasin da ke da rajista. A Ingila wurare huɗu ne ake samun maganin: asibitin da ke yin aikin, farmasin unguwa, farmasin da ke cikin manyan kantuna, da kamfanonin da ke kawo magani har gida cikin akwatin sanyi. Kwalin ɗaya ne, masana'antar ɗaya ce, amma kuɗin kowa daban.

Jama'a sun farga da girman bambancin a 2010, lokacin da babban kantin nan Asda ya ba da sanarwar zai riƙa sayar da magungunan FIV ba tare da ɗora riba ba. Kantin ya ce mace tana iya samun rangwamen da ya kai fam 820 a gwaji ɗaya in aka kwatanta da wasu farmasi. Wannan kuɗi ya haura jika 600 a lissafin yau. Ga wanda zai yi gwaji sau uku, sai mai karatu ya lissafa da kansa. Amma wannan bai sa kowane lokaci wuri ɗaya ne ya fi araha ba. Wani asibitin yana sayen magani da yawa a sari, har ya fi kanti sauƙi. Wani farmasin yana da araha a allura, ya yi tsada a sauran. Sai an tambaya ake sani.

Dabarun da suka koya

Dabara ta farko ita ce neman lissafi a rubuce tun kafin a sa hannu: kuɗin aiki nawa, na gwaje-gwaje nawa, na magani nawa. A tambaya kuma ko asibitin yana karɓar lada in za a kai takardar waje, domin wasu suna karɓa, kuma ladan yana iya cinye rangwamen da ake nema.

Ta biyu, a kai takardar wuri uku ko huɗu, a ce kowa ya faɗi jimilla. A tabbata jimillar ta haɗa da tsinken allura, da kwandon zuba tsinken da aka yi aiki da shi, da kuɗin kawowa gida. A tambaya kwana nawa magani ke yi kafin ya iso, domin ba kowane farmasi ke ajiye shi ba. Aikin kuwa yana bin hailar mace ne, ba ya jiran mota.

Ta uku, a yi magana da likita tun bai rubuta ba. Bayan Gonal-f, Turai ta amince da wasu allurai masu sinadari iri ɗaya da shi: Ovaleap a 2013, Bemfola a 2014. Sau da yawa sun fi sauƙin kuɗi. Amma irin waɗannan allurai da sunan kamfani ake rubuta su, kuma mai farmasi ba ya da ikon musanya sunan da likita ya rubuta. Saboda haka tambayar ɗakin likita ce: akwai wanda zai yi mini wannan aiki da kuɗi ƙasa da haka? Likita ne zai duba ya ce e ko a'a.

Ta huɗu, kada a sayi magani duka rana ɗaya. Likita yana duba mace da na'urar hoton ciki bayan kowane ƴan kwanaki, ya ƙara ko ya rage yawan allura. Maganin da ya fita daga farmasi kuwa ba a maida shi a karɓi kuɗi, ko da ba a buɗe kwalin ba. Mai hankali yakan sayi na kwanakin farko, ya ƙaro in an buƙata, bayan ya tabbata akwai inda zai samu cikin gaggawa.

Ta biyar lissafi ne irin na ɗan makaranta. Gonal-f yana zuwa cikin wani abu mai kama da alƙalami, akwai mai awo 300, da mai 450, da mai 900. A ce likita ya rubuta awo 225 kullum har kwana 10. Jimilla 2,250 ke nan. Wanda ya sayi manya uku ya biya kuɗin awo 2,700, ya zubar da 450. Wanda ya sayi manya biyu da matsakaici ɗaya ya sami 2,250 daidai, bai yi hasarar komi ba.

Ta shida, a yi hattara da ƙare-ƙaren da wasu asibitoci ke tallatawa, wai suna ƙara sa'ar samun ciki. Hukumar HFEA tana fidda jerin irin waɗannan, tana nuna ƙarfin hujjar kowane, kuma mafi yawansu ba a tabbatar suna ƙara haihuwa ba. Wanda ya sha wahala ya rage fam 300 a farmasi, sannan ya ba da fam 1,000 a kan abin da ba a tabbatar ba, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Inda araha ke zama hasara

Neman sauƙi yana da iyaka, iyakarsa kuwa ƙofar farmasi mai rajista. Matan da suka gama nasu aikin sukan sami ragowar allurai a firigo, wasu kuma sukan sa su kasuwa ta intanet da rabin kuɗi. Dokar Birtaniya ta hana wannan ciniki. Mai saye bai san ko allurar ta kwana cikin zafi ba, bai san ko ta jabu ce ba. In ta lalace, kuɗinta kaɗai ba shi ne hasarar ba: fam dubbai na aikin asibiti sun tafi, wata guda na shekarun matar ya tafi. Shi ya sa ake cewa kowa ya duba lambar rajistar farmasi a littafin hukumar masu harhaɗa magani kafin ya aika kuɗi.

Hatsari na biyu ya fi wannan muni, shi ne yin allurar ba da idon likita ba. In ta yi yawa, gidan ƙwai yana kumbura, ruwa ya taru a ciki da ƙirji, jini ya yi kauri har ya daskare cikin jijiya. Akan kwantar da mata asibiti saboda haka, kuma an taɓa rasa rayuka, ko da yake ba kasafai ba. Haka kuma rage yawan allura don a yi tsimi ɓarnar kuɗi ce, domin ƙwan ba zai nuna ba.

Abin da ya shafe mu

Mai karatu zai ce ina ruwan mutumin Maraɗi ko Damagaram da farmasin Ingila? Ruwansa shi ne, a wajen neman haihuwa ordonansinmu duka irin ta biyun nan ce. Tsarin magani kyauta da ƙasarmu ta ɗauka a 2005 da 2006 ya shafi aikin fidda jariri, da awon ciki, da tsarin iyali, da yara ƴan ƙasa da shekara 5. Mai neman haihuwa kuwa da aljihunsa yake tafiya, ko a asibitin gwamnati ko a kilinik. Saboda haka dabarun can suna aiki a nan, har da ƙari guda biyu.

Ƙari na farko: mafi arahar magani shi ne wanda ba a saya a banza ba. Sau da yawa mace ce ke shan magani shekara da shekaru, tana jin habaicin dangin miji da na kishiya, alhali ba a taɓa auna maigidan ba. Likitoci sun tabbatar cewa a kaso mai yawa na gidajen da ba a haihu ba, matsalar tana wajen namiji, ko wajen su biyun. Awon maniyyi aiki ne mai sauƙi, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar abin da ake kashewa a wata da watanni na magani ba. Haka nan wani bincike na OMS da aka buga a 1985 ya nuna cewa a Afirka mafi yawan matan da suka kasa samun ciki, ciwon sanyi ne ko wata cuta bayan haihuwa ko ɓari ta lalata musu hanyar ƙwai. Wadda hanyarta ta toshe, ko ta sha kwali ɗari na maganin nunar da ƙwai, ba zai buɗe ta ba. A fara da awo, mata da miji tare, kafin a je farmasi.

Ƙari na biyu: ba kowa ke buƙatar FIV da alluransa ba. Macen da matsalarta rashin fitar ƙwai ce kawai, sau da yawa ƙwayar sha ta ishe ta. Akwai clomifène, wanda Amurka ta amince da shi tun 1967, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na OMS. Ana shan sa kwana 5 a farkon wata. Akwai kuma létrozole. Wani babban gwaji da aka buga a Amurka a 2014, a kan mata masu ƙananan ƙuraje a gidan ƙwai, ya nuna kashi 27.5 cikin 100 na masu shan létrozole sun haihu, masu shan clomifène kuma kashi 19.1. Dukansu biyu tsofaffin magunguna ne da kamfanoni da yawa ke yi. Clomid sunan kamfani ne, clomifène shi ne sunan maganin na ainihi. Tun bayan faɗuwar darajar kuɗin CFA cikin Janairu 1994 ƙasashenmu suka ƙarfafa sayar da magani da sunansa na ainihi, wato jenerik, don jama'a su sami sauƙi. A roƙi likita ya rubuta wannan suna. A tambayi farashi a farmasin gwamnati na ONPPC da na ƴan kasuwa kafin a biya.

Su ma ƙwayoyin nan ba abin wasa ba ne. Suna ƙara yiwuwar tagwaye, cikin tagwaye kuwa ya fi hatsari ga uwa da jarirai. Ƙa'idar likitocin Ingila ita ce kada a wuce wata 6 ana shan clomifène. Matar da ke karɓar sa daga hannun ƙawa ko daga tiren mai yawo da magani cikin rana, ba ta san abin da take haɗiya ba. A 2017 OMS ta ƙiyasta cewa magani 1 cikin 10 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi jabu ne ko maras inganci. Domin yaƙi da wannan ne Nijar ta shiga yarjejeniyar Lome cikin Janairu 2020 tare da wasu ƙasashen Afirka.

Ga ma'aikatan lafiya kuma, abin da ake nema gare su kaɗan ne: su rubuta suna na ainihi in akwai shi, su faɗa ma ma'aurata jimillar abin da za su kashe tun farko, su kuma gaya musu gaskiya in magani ba zai yi ba. Ga ma'aurata, tambayar farashi ba rowa ba ce, kuma ba ta rage darajar ɗan da ake nema. Kuɗin da aka tsimi a wannan wata shi ne zai ba da damar sake gwadawa a wata mai zuwa. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya ba masu nema.